Cindo da Karyarsa Na-ji

Sau ɗaya tak Cindo ya yarda an kayar da shi a gardama, kuma mai shayi ne ya kayar da shi, a bakin kasuwar shanu ta Maigatari. Ya koro shanu daga tsallaken iyaka, ya zauna a benci yana jiran a haɗa masa shayi, karensa kuwa ya zagaya bayan tebur inda aka tara kofunan da aka gama sha. Mai shayi ya daka tsalle ya ce kare ya sa baki a kofi. Cindo ya ce sansanawa kawai ya yi, kuma karen nan ya fi mai shayin tarbiyya. Bai rufe baki ba sai ga gogan ya fito da madara a gashin baki, yana lashe hanci.

Wani malami da ke cin biredi a gefe ya yanke hukunci: a wanke kofin sau bakwai, kuma mai kare ne zai wanke.

"To wane kofin ne?" in ji Cindo.

Mai shayi ya dubi tarin kofunan, ya sosa ƙeya. "Wallahi ban shaida shi ba. Duk kamarsu ɗaya."

Kofi talatin da huɗu, kowanne sau bakwai. Har aka yi azahar yana durƙushe yana wanki, dillalai sun bar ciniki sun zo kallo, karen kuma yana kwance a inuwa abinsa.

Sunansa na yanka Abdulganiyu, amma da yatsa shida aka haife shi a hannun hagu, a wata ruga can bayan Sule Tankarkar, don haka ba wanda ya taɓa wahalar da bakinsa da dogon suna. Ni a ƙasansa nake zaune, a gidan hayar nan mai bene da ke Gumel. Mu Mangawa da Fulani abokan wasa ne tun kaka da kakanni, saboda haka ni ina da izinin zaginsa. Sauran 'yan gidan ba su da shi, amma sun fi ni yi, kuma su ba wasa suke ba.

Shekara talatin da wani abu ya yi yana koren shanun mutane da ƙafa. Bai taɓa tafiya babu kare ba. Da manyan motoci suka ƙwace aikin, ya koma ruga yana lallaɓa 'yan shanunsa, fari ya ci rabi, jinyar matarsa ta ci sauran, ita ma daga baya ta tafi. Sannan kunne ya fara ɗaukewa, na dama da farko, na hagu ya bi sahu. 'Yarsa Ummulkhair, wadda ke aikin jinya a nan garin, ta je ta tattaro shi da tabarmarsa da sandarsa ta kawo shi saman bene, ciki da falo da 'yar baranda da ba ta fi shimfiɗar mutum ɗaya ba. Mutumin da ya saba ya juya ko'ina ya ga ƙarshen ƙasa, aka ajiye shi inda in ya miƙe ƙafa sai ta taɓa bango.

Gida ne mai iyali takwas. In tambaye ku, a cikinsu wa ya taɓa hawa ya ce masa ina kwana? Ni dai ciwon gwiwa ne ya hana ni hawa, nakan aika masa da zagi ta taga, shi ma ba ya ji.

Wata Talata Ummulkhair ta dawo daga aiki da la'asar ta tarar ya sa sakata ta ciki. Ta buga, ta buga, ta kira Baffa har muryarta ta dishe. Shiru. Aka kira kafinta ya ɓalle ƙofar. Ga tsoho zaune ya juya wa ƙofa baya yana tufkar igiya, igiyar da ba abin da zai ɗaure da ita. Yarinyar nan ta zube a ƙasa ta fashe da kuka. Ranar ce kaɗai na ga 'yan gidan sun hau bene gaba ɗayansu, kuma kallon gawa suka je yi. Da suka ga ba gawa, suka sauko suna tsaki an ɓata musu lokaci.

Cindo ne ya kawo maganar kare. Ya ce, "Ni kunnena bai taɓa zama a kaina ba. A ƙasa yake tafiya da ƙafa huɗu."

Ummulkhair ta yarda, amma ta ce sai dai irin wanda ya dace da zaman ɗaki. Ta ɗauko waya tana nuna masa hotuna: wani fari mai gashi har ido, wani mai fuska kamar an buga masa murfin tukunya, wani ɗan ficici da aka ɗaura wa ƙyalle a wuya.

"Wannan kuma mene ne?" in ji shi.

Ta ɗaga murya a kunnensa. "Kare ne, Baffa! Ba ya cin wuri!"

"Wannan da shi ake goge takalmi. A kawo shi Gumel da bazara da wannan bargon a jikinsa? Kafin ki dawo aiki ya dahu."

Suka sauko wurina shawara, na ce su biyun ba mai hankali, amma a kan zafi Bafillace ya yi gaskiya, abin da ba ya faruwa kullum.

Ranar kasuwa ya hau acaɓa ya tafi Maigatari wurin wasu Buzaye da ya sani, ya zaɓo kare yadda ubansa ya koya masa. Za a zube maka 'yan kwikwiyo a ƙasa, ka ɗaga kowanne ta fatar wuya, wanda ya yi kuka ka ajiye shi gefe. Sauran kuma ka ja da baya ka doka ƙafa a ƙasa. Wanda ya fara haushi ya taso maka, shi ne kare. Haka ya yi, kuma bai yi kuskure ba, ya samo kare na gaske, dogo siriri mai ƙafafu kamar na barewa. Abin da tsohon bai lissafa ba shi ne, a daji takun ƙafa baƙo ne, a gidan haya kuwa tun daga asuba har magariba takun ƙafa ne. Mai ruwa ya hau, haushi. Mai wanki ta sauka, haushi. Malam Zayyad, malamin makarantar da ke ɗakin kusa da su, ya yi atishawa, haushi. Da ya kai wata biyar ya fara tare matakala, ba mai wucewa sai ya yarda. Cindo kuwa bai san ana yi ba. Yana ganin bakin kare yana buɗewa yana rufewa, yana murmushi yana cewa, "Kun ga jini."

Ba zan yi ƙarya ba, ni ma na tsine wa karen nan. Amma Malam Zayyad da ya fi kowa kumfar baki, shi ne mai janareton da ke girgiza mana bango kullum, wanda da Cindo yana da sauran kunne da shi zai ƙarasa shi. Shi ya tattara mutane suka je wurin mai gida.

Cindo da kansa ya mayar da karen wurin Buzayen. Ya ce bai yi don su ba, ya yi ne don karen ya fara cizon ƙafarsa saboda rashin wurin gudu, kuma shi ya san wannan ciwon. Ya dawo bai yi magana da kowa ba kwana tara. Ranar ta goma ya naɗe tabarma, ya ɗauki sanda, ya gaya wa 'yarsa zai koma ruga. Ruga wace? Bukkar ta rushe, danginsa sun yi kudu da dabbobinsu. Kurma ɗan shekara saba'in shi kaɗai a dawa. Ummulkhair ta san in ya tafi, labarinsa kawai za a kawo mata.

Ita ta ɓoye sandar, ta roƙe shi mako ɗaya. Ta bi ta wurin wani ɗan uwan mahaifiyarta a Gagarawa Tasha, ta dawo da abin da ba mai zaɓen kare da zai kalla sau biyu: tsohuwar karya, ja, gajera, baki ya yi furfura, wadda saniya ta taɓa harbi a maƙogwaro, tun daga ranar ba ta ƙara haushi ba. Sunanta Na-ji. Mai ita ya raɗa mata sunan ne don surukarsa mai yawan faɗa, in ta fara sai ya leƙa waje ya kira karyarsa. Tsohon kare kuwa ba a sake masa suna.

Cindo ya doka ƙafa a ƙasa. Ta dube shi, ta yi hamma, ta kwanta a kan takalminsa.

"Wannan ai ta mutu," in ji shi.

"Kai ma haka aka ce ranar Talata," na ce masa daga ƙasa. Ummulkhair ta ƙi isar masa.

Kafin wata ya zagayo sun fahimci juna. A baranda take kwana, kwanonta daban, ba ta shiga inda yake salla. In aka taɓa ƙofa sai ta taso ta dafa masa gwiwa da ƙafarta, ta dubi ƙofar. In tukunya ta fara ƙauri, haka. In ta ji maza suna jan buta a tsakar gida, haka, har tsohon ya koma samun jam'i bayan wata da watanni yana salla da kintace. Safe da yamma ya sauko da ita su tafi bayan gari ta yi uzurinta. Ba wanda ya taɓa jin muryarta. To ku gaya mini, me ta tsare wa mutane? Amma Malam Zayyad ya ce shi ganinta ma yana tayar masa da zuciya, ya sake komawa wurin mai gida.

Mai gidan, Alhaji Abdulbaƙi, ɗan kasuwar riɗi ne, mutum mai tumbi da ba ya son matakala. Ya zo wata Litinin da hantsi, ya tsaya a tsakar gida, ya hango Cindo a baranda, ya ɗaga murya.

"Malam Cindo! Nan da Juma'a a fitar min da karen nan, ko ku fita tare!"

Cindo bai ma ga mutum ba. Ya gama dama fura ne, ya zuba wa karyar nata a kwano, yana kiranta.

"Na-ji! Na-ji!"

"Madalla," in ji Alhaji. "Ashe ma mutumin kirki ne." Ya juya ya shiga motarsa.

Ina zaune a ƙofata na ga komai. Na so in gyara, sai na ce a raina, ni aka aiko? Amma da yamma na gaya wa Ummulkhair, don ita abin zai faɗo wa. Yarinyar ta kwana huɗu ba ta iya cin abinci. Neman ɗaki a kusa da wurin aikinta ba wasa ba ne, in kuma aka raba tsohon da karyar, sandar nan ba za ta ɓoyu sau biyu ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Alhaji ya shigo da babbar riga, Malam Zayyad na biye da shi. Daidai lokacin Cindo ya sauko da karyar a gefensa. Alhaji ya kumbura.

"Dattijo da kai kana saɓa alkawari? Da bakinka ka ce min ka ji! Har sau biyu!"

"Me yake cewa?" Cindo ya tambayi 'yarsa.

"Wai ka ce masa ka ji, Baffa!"

"Ni? Rabon da in ji wani abu shekara uku."

Na ce, "Alhaji, sunan karyar ke nan. Da ita ka yi yarjejeniya, sai ka tambaye ta."

Wasu suka yi dariya, abin ya ƙara tunzura shi. Ya ce shi ba a mayar da shi abin wasa a gidan da ya gina da guminsa. Malam Zayyad ya matso yana raɗa masa, sai Alhaji ya gyara riga ya canza murya, ya koma ta wa'azi.

"Ki gaya masa, ba ƙiyayya ba ce, addini ne. Kare an yarda a ajiye shi don farauta, ko tsaron gona, ko kiwo. Shi farauta yake yi a saman benena? Gona ce da shi a baranda? In kiwo ne, ina garken? Ya nuna min ko akuya ɗaya, in bar shi."

Ummulkhair ta tsaya, hawaye na zuba. Ba ta so ta faɗa.

"Faɗa min duka," in ji Cindo. "Kada ki rage."

Ta sa baki a kunnensa ta faɗa, duk gidan na ji. Tsohon ya dubi Alhaji. Sannan ya bi 'yan gidan da kallo ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka fito bakin ƙofofinsu da ɗaurin ƙirji da singileti. Kurma ba ya sanin ƙarfin muryarsa, don haka abin da ya faɗa har mai kanti na waje ya ji.

"Wata goma sha ɗaya ina saman nan. Ku musulmi ne, ku ashirin da wani abu, ba wanda ya taɓa hawa ya duba ko na ci, ko na faɗi, ko na ruɓe. Garke kake tambaya, Alhaji? Dā ina da shi. Yanzu saura tsohon bijimi guda ɗaya, kurma, ga shi tsaye a gabanka. Ni take kiwo. In akwai wanda zai karɓe ta aikin a cikinku, ya matso in ba shi kwanon."