Ɓarin Goron Malam Usman

Ƙas. Ƙarar fasa goro ce kawai, amma ita ta zaunar da ni rubutun nan. Shekara tara ke nan da rasuwar maigidana Malam Usman, Allah ya jiƙansa, har yau in na fasa goro a ɗakinmu na unguwar Misfala a nan Makka sai in tsaya riƙe da ɓari ɗaya, ban san wa zan miƙa wa ba.

Da yana raye ban taɓa fasawa da hannuna ba. Shi Igbo ne, ya musulunta yana saurayi a Kano. A can muka yi aure, kafin mu zo Makka ya kama aiki a wani shagon yadi a unguwar Mansur. A wajensu mace ba ta fasa goro a gaban namiji. Yakan karɓa, ya yi bismilla, ya yi wa duk wanda ke ɗakin addu'a, sannan ya fasa. Yakan tsokane ni: "Hajiya, goronku marowaci ne, ɓari biyu kawai. Namu har huɗu yake fitowa, baƙo ma ya samu." In ce, "To mu biyu ne, Malam, wa kuma kake jira?"

Akwai wani littafin labari na Turanci da wani ɗan ƙasarsu ya rubuta, kowannenmu ya karanta shi a sakandare. Ni don jarrabawa na karanta. Malam ne ya fahimtar da ni shi daga baya. Ya ce Turawan mulki sun daɗe suna rubuta Igbo kamar mutanen da ba su da tsari, shi ya sa marubucin ya cika littafinsa da goro da doya da zaman dattawa. Yana so ka ga gidan a tsaye tukuna, kafin ka ga yadda coci da kotu da makarantar baƙi suka shigo suka raba ɗa da ubansa.

In ya zo nan sai Malam ya rufe littafin. Bai taɓa nadamar Musulunci ba, a kansa ya cika, a Harami aka yi masa salla. Amma tun ranar da ya musulunta mahaifinsa bai sake miƙa masa goro ba, har tsohon ya rasu.

Yanzu ɗanmu Khalid, haifaffen nan, gahawa da dabino yake ba baƙi. Larabci yake yi da 'ya'yansa, Hausarsa ta gaisuwa ce, Igbo kuwa ko kalma ɗaya babu. Ba laifi ya yi ba. Sai dai nakan tambayi kaina me Malam zai ce da ya ga an sake rabuwa, wannan karon ba faɗa, ba Bature, shiru kawai. Abin da ke damuna shi ne in na tafi, ba sauran wanda zai san daga ina mutumin nan ya fito. Littafin yana nan a kan kanta, ba mai taɓawa.

Ranar Juma'a bayan la'asar Khalid ya ajiye mini 'yarsa Ruƙayya, wadda nake ta ba labarin kakanta ba tare da na san ko tana ji ba. Na fasa goro, na tsaya kamar kullum. Ta bar wasanta ta zo ta buɗe tafin hannu, da Hausarta mai haɗe da Larabci, don Jadda take kirana, kakanta kuwa Jaddi.

"Jadda, ɗayan na Jaddi ne, ko? Ba ni, zan ci masa, ko da ɗaci. Amma ki yi addu'ar tukuna, kin ce shi sai ya yi."