Nonon da Baffa ya ƙi ɗanɗanawa a Goronyo

Ana sallame sallar asuba muka bar Sakkwato, mu uku a tsohuwar motata: ni, matar marigayi yayana, da ɗiyarsu mai shekara goma sha tara. Yayana likitan dabbobi ne. Aiki ya kai shi Namibiya, can ya yi aure, can Allah ya karɓi abinsa bara. Matar ta ɗauko yarinyar tun daga can da buƙata guda: babban gidanmu, Baffa na Goronyo, ya dafa kanta ya ce ɗiyarsa ce. Ba gado suka zo nema ba, ba gona ba.

Rabah muka fara, wajen Goggo. Hanya kam sai du'a'i, ramin da ka kauce wa shi ne ƙaramin. Matar yayana ta ci kwalliyar mutanensu, riga buhu-buhu har ƙasa da ɗaurin kai mai ƙaho biyu irin na saniya, matan gida sai leƙe suke suna gimtse dariya. Goggo ta ce mini, "Kai, wagga wace iri ta?" Na ce Herero. Da na fassara, matar ta gyara mini a hankali: wannan gajarcewar baƙi ce. Ita kaɗai Omuherero ce, jama'arsu Ovaherero, harshensu Otjiherero. Goggo ta gwada sau biyu, ta ce Allah shi sawwaƙe, ta laƙa mata "Mai Ƙaho". Har muka fita garin da sunan ake kiranta.

A Wurno muka karya da shinkafa da miya, 'yan kabu-kabu na ta zagaye mu. Albasa ta yi araha har ta ba ni tausayin manoma. Bayan gari garken jajayen shanu ya tare hanya, matar ta ce in tsaya. Ta fita ta daɗe tana kallonsu. Ta ce su ma makiyaya ne, kuma Jamusawa sun ƙwace shanun kakanninsu, suka kora mutanen cikin hamada ƙishirwa ta kashe su. Ita kuwa yarinyar tana baya tana ta maimaita 'yar Hausar da ta haddace don Baffa: "Ina wuni, Baffa. Na zo gida."

Mun iske Goronyo cike, ana ta lodin buhunan albasa. Baffa na zaure da ɗiyansa maza. Dama yana da ciwon auren nan da aka ɗaura ba da saninsa ba, amma ya amsa gaisuwar yarinyar, har na ga fuskarsa ta fara saki. Aka kawo wa baƙi nono mai kyau a ƙwarya. Matar ta karɓa da hannu biyu, ba ta sha ba. Ta durƙusa ta miƙa wa Baffa. Ya yi mata alama ta sha. Ta sake miƙawa, ta yi magana da Turanci, ni kuma da wautata na juya maganar yadda take: "Ta ce ka fara ɗanɗanawa."

Baffa ya ce, "Mi? Guba taka zato mun sa mata? Cikin gidana?" Ya miƙe ya kakkaɓe riga. "Ɗauke su ka kai inda ka ɗauko su."

Sai a mota matar ta yi mini bayani. A wajensu ba a shan nono sai maigida ya fara kai bakinsa. Da Baffa ya kurɓa ya miƙa wa yarinyar, shi ke nan, ta zama 'yar gidan. Girman da ya fi kowane girma ta ba shi. Wallahi ji na yi kamar in nutse.

Na bi shi har fadama, kusa da dam, na iske shi yana duba ruwan albasa. Na bayyana masa komai. Bai ko ɗago ba. "Mu ba mu san wanga ba. Gaban ɗiyana ta tuhume ni." Na roƙe shi don darajar mamaci. Ya ce mamacin ma bai nemi shawararsa ba.

A Marnona, kan hanyarmu ta komawa, yarinyar ta ce in tsaya. Ta sayi nono wajen wata Bafillata, a kofin roba, ta durƙusa nan bakin titi, manyan motoci na wucewa, ta miƙo mini. "Kai ma ƙanen babana ne." Na kurɓa na miƙa mata. Ta shanye tana kuka, ni ma ban iya riƙe nawa ba.

Da magariba muka shiga Sakkwato, jibi jirginsu zai tashi. Ina jin haushin Baffa har yanzu, amma haushin kaina ya fi. Shekara ashirin matar nan tana auren yayana, ban taɓa tambayarta ko abu ɗaya game da mutanensu ba. Da na tambaya, da tun a mota na san abin da zan faɗa a zauren. Yarinya ta keto ƙasashe neman gidan ubanta, abin da muka iya ba ta kofin roba ne a bakin hanya.