Kukan Fankar Badaru

Badaru ya yi ƙuruciyarsa a gindin injin niƙa a kasuwar Lafia, injin kuwa ya cinye masa kunnuwa tas. Da ya koma gyaran fanka, sai ya zama mutumin da ake yi wa magana da hannu. Bai damu ba. Cewa yake dama yawancin abin da mutane ke faɗa surutu ne.

A gidansa na Ashige ya yi abin da ya fito da sunansa. Ya yanka tsohon duro ya fitar da fukafukai, ya haɗa su da dainamon mota, ya ɗora a kan dogon bututun ƙarfe. Iska ta kaɗa, ƙwan lantarki ya kama a zaurensa. Har daga Doma aka zo kallo, ana riƙe baki, wai mutum ya kama iska ya sa ta aiki.

Sai dai fankar kuka take yi, wani siririn gunji mai bin ƙasa ya hau bango, kwanon rufin maƙwabta ya ɗauka. Nguavese mai sayar da doya, wadda katanga ɗaya ta raba su, tsohuwarta na kwance da ciwon kai, barci ya gagare ta. Mai unguwa ya yanke hukunci: ko a kai fankar nesa da gidaje, ko a sauke ta. Badaru ya ce hassada ce kawai, shi da ke kwana a ƙarƙashinta bai taɓa jin komai ba. Nesa kuma, wayar wutarsa ba za ta kai gida ba, wutar ta tafi ke nan.

Nguavese ba ta yi musu da shi ba. Wata la'asar da iskar hadari ta taso, ta yafito shi zuwa ɗakin tsohuwar, ta nuna masa katakon da ya tallafi rufi. Yadda ya saba bincikar fanka idan ta lalace, haka ya zaro sukundireba, ya kafa tsininta a katakon, ya ciji ƙotar.

Ƙarar ta bi haƙoransa ta cika masa kai, tana hawa tana sauka da iskar. Rabonsa da jin sauti irin wannan tun yana saurayi. Ya sandare a wurin, hawaye na bin gemunsa.

"Baba, ka ji shi?"

A leɓen Nguavese ya karanta tambayar.

"'Yata, ashe murya gare ta," ya ce.

Sannan ya waiga ya ga tsohuwar a kan tabarma, ta ɗaure kai da tsumma, ta toshe kunnuwa da tafukanta.

Washegari da hannunsa ya kwance fankar, ya kai ta gonarsa can bayan gari ya kafa ta. Zaurensa ya koma tocila. Amma duk ranar da ganye ya fara motsi, sai ya rufe shago ya kama hanyar gona, ko da kuwa ba lokacin noma ba ne. Masu wucewa kan hango shi tsaye shi kaɗai, ya manna goshi a jikin bututun, idonsa a rufe.