Kunnen Kilitas

Shekara arba'in da ɗaya Kilitas ya yi yana gyaran injin kwalekwale a rumfarsa ta bayan coci, kuma daga garinsu har birnin Kollam, duk gaɓar tekun nan ta Kerala a ƙasar Indiya ba wanda ya kai shi kunne. Ko sunansa ba ya iya rubutawa. Amma a rataya masa inji a bakin duro cike da ruwa, a ja igiya, sai ya karkata kai ya lumshe ido, can ya ce fulogi ne, ko ya ce ruwa ne a kananzir, a buɗe a tarar haka ne. Da kunnen nan ya aurar da 'ya'ya uku, da shi kuma ya yi ta hura wa mutane hanci, don gaskiya Kilitas ba shi da daɗin zama.

Abin da ba wanda ya sani shi ne kunnen ya mutu. Ƙarar inji ce ta cinye shi kaɗan-kaɗan. Shekara biyu ke nan ba ya jin ƙararrawar coci, sai dai ya ga mutane sun miƙe shi ma ya miƙe. Ya koyi karanta magana a bakin mai yin ta. Ya koyi cije ƙotar sukundireba, ya dafa tsininta a jikin inji, rawar ƙarfen ta shigo masa ta haƙori. Masunta suka ɗauka wata sabuwar gwaninta ce. Matarsa ta rasu tuni, babu mai tona masa asiri. Tsoro ne ya cika shi, don bakaniken da ba ya ji ba mai sake kawo masa aiki.

Wata Talata bayan damina ƙaninsa Patros ya sauke injinsa daga kafaɗa a ƙofar rumfar. Tsohon inji ne ƙarami, fentinsa duk ya koɗe, ya girmi babban ɗan Patros ɗin.

“Yaya, tsohon nan ya fara tari. Da fetur yana tashi lafiya, ina juya shi kan kananzir sai ya kama shaƙewa kamar zai mutu.”

“Da me kake so ya yi? Rawa? Wannan ai sa'an kakarmu ne. Ɗora shi a duro.”

Kilitas ya bi shi daki-daki yadda ya saba. Ya cire fulogi, ya tarar ya yi baƙi ƙirin, ya goge shi. Ya tsiyayi kananzir ɗin, shuɗi irin na ƙasarsu, a kwalba ya ɗaga wa rana, sai ga ruwa kwance a ƙasa.

“Ga ciwonka nan. Ashe ruwan rijiya ka je ka sayo da kuɗinka, ka zo kana zagin inji.”

Ya wanke tanki, ya kwance kafireta ya hure ƙananan ramukanta da baki, ya sauya tiyon mai. Har azahar suna kai, ko rogo da kifin da matar Patros, Metilda, ta aiko ba su taɓa ba. Aka ja igiya, inji ya tashi, aka juya shi kan kananzir, ruwan duro ya hau tafasa. Kilitas ya ciji sukundirebarsa, ya ji bugun ya daidaita.

Patros kuwa ya tsaya yana yamutsa fuska.

“Yaya, ba ka jin wani ɗan fito? Siriri, daga can ƙasa.”

Akwai masunta huɗu zaune a kan raga suna shan shayi, duk suka ɗago kai. Kilitas ya kasa kunne da iyakar ƙarfinsa, bai ji komai ba sai shuuu ɗin da ke cikin kansa dare da rana. 'Yan kalmomi kawai ake nema daga gare shi, ya ce ban ji ba, nuna mini wurin. Ya dubi mutanen nan huɗu, sai ya kasa.

“Yau kuma kai za ka koya mini jin inji? Hancinka ne ke fito. Kwashe kayanka ka ba ni wuri.”

Aka yi dariya. Patros ma ya yi, don tun yana yaro bai taɓa musa wa yayansa ba. Da la'asar ya tura kwalekwale shi da abokin sana'arsa, suka nufi inda ake jefa ƙugiya, nesa ƙwarai da gaɓa.

Ba su dawo ba, kwana shida aka yi ana nemansu. Wani babban jirgin kamun kifi ne ya jawo kwalekwalen, abokin yana kwance a ciki leɓe duk a tsage. Ya ce inji ya mutu tun daren farko, igiyar ruwa ta yi ta jan su kudu. A rana ta huɗu Patros ya hango abin da ya ɗauka ƙasa ce, ya faɗa ruwa zai yi iyo ya kirawo taimako. Ba a ƙara ganinsa ba.

Kilitas ya kwance injin shi kaɗai. Wata 'yar robar zobe ce a ƙasan ƙarfen da ke juyawa ta tsage, tana zuƙar iska. Ya sauya irinta ta fi ɗari a rayuwarsa, kuma duk da fiton nan yake gane ta.

Ya tafi gidan Patros da robar a tafin hannu. Metilda na zaune a dandamali, mata sun kewaye ta.

“Ya ce mini yana jin fito. Ni ban ji ba, Metilda. Shekara biyu ba na ji. Kunya ce ta hana ni faɗa.”

Ta dube shi. Sannan ta sunkuyar da kai, ta ja gefen zanenta ta rufe baki, ta yi magana mai tsawo. Matan da ke kusa da ita suka fashe da kuka. Kilitas yana tsaye, bai san me ta ce ba, bai kuma iya cewa ta maimaita ba.