Yadda Na Cinye Irin Cittar Mamana

Ba zan faɗi sunana ba, ko da yake duk wanda ya yi sakandare a Kafanchan a zamaninmu zai gane ni tun kafin ya kai layi na uku. Ni ne yaron nan da in ya buɗe baki a aji, har allo sai ya yi dariya. Malamin lissafi ya taɓa ɗaga bulala zai zane ni, na faɗa masa wata magana, ya ajiye ta ya fita waje riƙe da ciki. Gidanmu yana wani ƙauye wajen Kagoma, noman citta muka gada, ni kuwa ina zaune wurin Kawu, yayan mamana, a cikin gari saboda makaranta.

Ina aji huɗu babana ya rasu. A bayan babur ɗinsa nake lokacin da mota ta kwashe mu. Ni na tashi da ƙujewa a gwiwa, shi bai tashi ba. Bayan an binne shi dattawa suka dafa ni suka ce, "Namiji ba ya kuka, kai ne babba yanzu." Na ce to, na koma makaranta.

Daga nan barci ya yi ƙaura ya bar ni. Duk motar da ta taka birki a titi, sai hannuwana su kama rawa, in cusa su cikin aljihu. Barkwanci kuwa sai na ninka shi, domin na lura muddin mutane suna dariya, babu mai kallon idona.

Mutum ɗaya ce ta kalla. Muna da malamar ba da shawara, wadda muke ce wa Madam kawai. Matsalar ita ce yadda ake kai mutum wurinta. A asembili ake kiran suna, gaban makaranta gaba ɗaya, tare da sunayen waɗanda za a yi wa bulala. Duk wanda aka ce ya ga Madam, mun riga mun yanke masa hukunci: in mace ce ciki ta yi, in namiji ne kansa ya taɓu. Ni ne ma shugaban masu yanke hukuncin.

Ran nan na ji sunana. Fili ya yi tsit, ido ya yi mini caa. Sai na karkace wuya, na juya rigata, na tafi ofishin ina tafiyar mahaukata ina gaisar da itatuwa. Dariya ta tashi kamar za ta ɗage kwanon makaranta.

Madam ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Zauna, ɗana. Kana samun barci?"

Na ce, "Madam, ina barci har sauro sukan taru su yi mini addu'a, suna zaton na tafi."

Ta ce, "To. Ƙofan nan a buɗe yake, ko yaushe ka zo."

Saura kaɗan in faɗa mata gaskiya. Amma ina hango abokaina ta taga suna jiran in fito in kwaikwayi muryarta. Na fita na kwaikwaya. Ban sake komawa ba.

Wani ɗan ajinmu ne ya ba ni abin da ya kira maganin barci. Ya ce, "Mutumina, kurɓa ɗaya, ko jirgin ƙasa ya bi ta kanka ba za ka ji ba." Daga maganin tari na koma ƙwaya. Ta farko kyauta ce, sauran kuwa sai da abin hannu.

Ku da ba manoma ba, bari in faɗa muku yadda ake ajiye irin citta. Bayan an haƙe, sai a ware mai kyau a tara a inuwa, a lulluɓe da ciyawa, ba a buɗewa sai ruwan fari ya sauka. Wannan tarin shi ne abincin gida na shekara mai zuwa, shi ne kuɗin makarantar ƙannena. Mama takan wuce ta wurin ta dafa ciyawar kamar mai gaisar da jariri. Duk Lahadin da na zo gida sai in ce kaina yana ciwo. Suna tafiya coci, in zura hannu ta ƙasa in ɗiba, in mayar da duwatsu don kada tarin ya lotsa, in je in sayar in sayi ƙwaya. Kullum ina cewa wannan ne na ƙarshe.

Ruwa ya sauka. Mama ta yi gayya, matan zumuntar coci suka zo da wuƙaƙensu na yanka iri, suna waƙa, an ɗora tukunya. Ina tsaye gefe. Kawu, wanda ya zo daga gari don gayyar, ya kama ciyawar ya yaye.

Waƙa ta tsaya. Duwatsu ne, da 'yar citta a sama kamar an yi musu ado.

Na ce, "Kai, ɓerayen bana sun yi makaranta, har canji suke bayarwa."

Ko kaza ba ta yi dariya ba. Kawu ya juyo a hankali ya ce, "Kai, zo nan. Wane ne kansa ba ya ciwo sai ranar Lahadi?" Hannunsa yana kan ƙotar fartanya.

Sai Mama ta shiga tsakaninmu. Ta ce, "Yaya, bar yaron nan. Ni na sayar, kunya ta hana ni faɗa."

Ba ta dube ni ba. Matan suka tattara wuƙaƙensu suka fita ɗaya bayan ɗaya, suna kallonta ta gefen ido. Da Kawu ya sauke mini fartanyar nan, da ya fi mini sauƙi. Kafin rana ta faɗi na bar ƙauyen, makaranta ma ban sake taka ta ba.

Abin da ya biyo baya ba abin alfahari ba ne. Na koyi zuba yashi a tsakiyar buhun citta, na koyi kwashe cittar da aka shanya a bakin hanya. Ranar da dubuna ta cika, 'yan banga suka tare ni wajen Nok da buhun wani a kan babur ɗin wani. Na sha dukan da har yau bayana yana sanar da ni zuwan hadari kafin rediyo. Alƙali ya tura ni gidan yari.

A can ne wata mota ta taka birki a bayan katanga, kwanon wake ya suɓuce daga hannuna. Wani jami'i mai kula da walwalar fursunoni ya gani, ya kira ni gefe, ba a gaban kowa ba. Na zuba masa barkwanci iri-iri. Ya bari na gama, ya ce, "Ka iya. Yanzu gaya mini me mota ta yi maka." Na yi kukan da na ji tsoron sai an kawo kwalekwale. Shi ya haɗa ni da likita, aka yi ta zama da ni har hannuwana suka koyi natsuwa.

Da aka sake ni na tarar da Mama tana tsaga cittar mutane a biya ta, gonarmu kuwa an ba da haya. Na durƙusa na faɗa mata komai, tun daga ranar da mota ta kwashe mu. Ta ce, "Ni ma a bayan ɗaki nake kuka, don na ga kai kana dariya. Na ce kada in ɓata maka."

Yanzu mu biyu muke noma, kuma na tuba tsakanina da Allah.

Ƙannena 'yan makaranta, in abu yana cin ku, ku nemi malamin da kuka yarda da shi, ko fasto, ko liman, ko likita, ku faɗa, ko da murya tana rawa. Kada ku karɓi maganin barci daga hannun aboki. Ku kuma malamai, don Allah ku daina kiran yaro mai damuwa a gaban taro, ku ja shi gefe. In kuwa akwai sarkin barkwanci a ajinku, ku tambaye shi yaya yake. Zai ba ku dariya. Ku yi dariyar, ba laifi, amma in kun gama ku sake tambayarsa.