Tawul Goma Sha Biyun Tanti Profira

Ni nake auna kayan da 'yan Moldova ke aikawa gida a motar Toader, kowace Lahadi a birnin Padova na ƙasar Italiya. Tanti Profira, wato Inna Profira a harshenmu, ta ɗora jaka a sikelina sau ɗari biyu da sittin, amma ita kanta ba ta taɓa shiga motar ba.

Shekara shida tana jinyar wata tsohuwar Ba'italiya ba tare da takardar zama ba. A shekara ta huɗu mijinta Ilarion ya rasu a ƙauye. Ba ta je jana'iza ba, don in ta fita ba ta da hanyar dawowa, ga jikoki uku da aikinta ke ciyarwa.

A garinmu can Moldova, mako guda bayan bikin Ista, kowa kan je kabarin mamacinsa ya miƙa sadakar tawul da burodi ta saman kabarin. Maƙwabciya ce ke yi mata.

A 2010 aka karɓi buƙatarta ta neman izini, aka ba ta rasit mai hatimi. Lauyan wata ƙungiyar taimakon baƙi ya ce ɗan sanda ba zai ƙara iya korarta ba. Iyakar abin da ta ji ke nan. Ta sayi tawul goma sha biyu, ta iso tasha da sabon ɗankwali.

"Toader, kujerar taga nake so!"

Toader ya juya rasit ɗin gaba da baya.

"Tanti, wannan ta zama ce, ba ta tafiya ba. Kai ki zan kai ki. Dawowar ce babu."

"Kai da ka faɗi jarabawa aji huɗu, yau ka zama lauya?"

"Aji biyar. Amma iyakar ƙasa na fi lauyanki saninta."

Na buga wa lauyan waya sau uku kafin ya ɗauka. Ya ce gaskiyar direba ce, ta jira katin izinin, wata takwas ko goma.

Minti ashirin tana zaune a kan jakarta. Ta tambayi Toader ko bishiyar da ke bakin maƙabarta ta fara ganye. Ya ce ta fara. Ta ce ko an gyara gicciyen kabarin Ilarion da ya karkace. Ya ce zai duba.

Da motar ta tashi, mu tara muka rage a filin, ban da ita. Ta buɗe jakar, ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana miƙa tawul.

"Karɓi, 'yata, saboda Ilarion."

Ukun da suka rage ta mayar cikin jaka, ta tafi, don ƙarfe biyu tsohuwar da take jinya ke shan magani.