Tulin Karan Gwaggo Jeom-rye

Shekara arba'in Gwaggo Jeom-rye ta yi tana noman bokbunja, wani tsiro mai ƙaya da ake cin 'ya'yansa, a gangaren dutsen ƙauyenmu, a Gochang. Kowane watan Yuni yatsunta sai sun rine da ruwan baƙaƙen 'ya'yansa, ƙaya kuwa ta daɗe da daina jin ta. Yayar mahaifina ce. Mijinta ya rasu, ɗanta Gil-su yana birnin Incheon, kuma ya riga ya ware mata ɗaki a hawa na goma sha bakwai na wani bene. Ta taɓa kwana uku a can, ta dawo ta ce ko tsuntsu ba ya kaiwa wurin. Sharaɗinsu ɗaya ne: muddin gona tana bayarwa za ta zauna, ranar da ta daina zai zo da mota.

Shekara biyu ke nan ƙwaro yana cinye gonar. Tsutsarsa takan shiga cikin kara, wurin ya kumbura, karan ya bushe kafin ya yi 'ya'ya. Duk hunturu Gwaggo tana bin layi da almakashi tana yanke masu kumburi, kamar yadda malamin gona ya ce. Amma ita ba ta zubar da komai, ko zaren buhu ne. Sai ta ɗaure karan dami-dami, ta jera jikin katangar gona, wai na dafa waken suya ne idan kaka ta zo.

A ƙarshen Afrilu na fasa kara ɗaya daga tulin, na nuna mata farar tsutsa kwance a ciki da ranta. Na ce nan da mako biyu ko uku za su yi fiffike su koma gona. Ta daɗe tana kallon tulin, wanda ya fi ta tsayi.

"Wato ni nake ba su masauki," in ji ta.

Ta so ta cinna masa wuta nan take, amma mai unguwa Pyo ya hana. Lokacin fari ne, an haramta wuta a fili, ga dajin dutse a bayan gidanta. Ta kira shi sarkin tsoro, ya ce gara tsoro da a ce tsohuwa ta ƙone kaburburan kakanninsu da ke cikin dajin.

Murhun madafa kaɗai ya rage, wanda hayaƙinsa ke bi ta ƙarƙashin daɓen ɗaki don ɗumama shi. Tun asuba take jan dami tana turawa, tana tafasa ruwa a babbar tukunya ba don komai ba. Kara mai ƙaya ba ya shiga da yawa lokaci ɗaya. Daɓen ya yi zafin da ba a taka shi, ta koma kwana a baranda. Maƙwabta suna tambaya ko gidan wanka ta buɗe. Kwana goma sha ɗaya, rabin tulin bai tafi ba.

Gil-su ya zo ranar bikin iyaye da fure a hannu. Ya ga takardar da aka lulluɓe daɓen ɗaki da ita ta ƙone baƙi ƙirin, ya ga girarta ta babbake. Bai yi faɗa ba. Ya ajiye furen, ya cire riga, ya jawo dami.

Gwaggo ta karɓi kara ɗaya daga hannunsa, ta juya shi a hasken ƙofa. Akwai ɗan rami a jikin kumburin. Ta ɗauki wani, shi ma haka. Ta fasa, ciki fayau.

"Inna, mene ne?"

"Sun fita."

Ya ce to a bar wutar haka, ta huta. Ta ce ba duka ba ne, tabbas akwai ragwaye a ƙasan tulin, ta ci gaba da turawa. Can, ba tare da ta juyo ba, ta tambaye shi ko tagar ɗakin nan na Incheon tana buɗewa.